Ƙasar fili ce ke faɗin zurfin fandisho da wurin sokawe

Ka ce, "Oga, me ya sa a wani fili muke tsayawa a ƙafa 3 na fandisho, a wani kuma sai ka ce a kai ƙafa 5, alhali zanen gidan iri ɗaya ne? Kuma me ya hana a haƙa sokawe duk inda mai gida ya nuna?"

To yarona, zane a takarda yake, gida kuwa a kan ƙasa zai zauna. Kafin ka ja igiya, haƙa ramin gwaji mai zurfin mita ɗaya da rabi a kusurwa biyu na filin, ka sauka ka duba bangonsa. Baƙar ƙasar sama mai saiwoyi ba a ɗora komai a kanta, kwashewa ake yi. Abin da ke ƙarƙashinta shi ne magana. Ɗebo shi ka jiƙa, ka murza a tafin hannu. In ya warwatse, jigawa ce. In ya yi igiya mai tsawo tana sheƙi ba ta karye ba, laka ce. In ja ne mai tsakuwa, diga na tashi da ƙyar, ka samu marmara, kuma magini ba ya neman abin da ya fi ta. Nan ƙafa 3 ta isa gidan da ba bene ba, a zuba kankare buhun siminti ɗaya, kwanon sarki 6 na yashi, 12 na tsakuwa.

Jigawa tana ɗaukar nauyi in ta daku, matsalarta zaizaya da ruftawar rami, don haka ka faɗaɗa gindin kuma kada ka bar haƙa a buɗe ruwa ya same shi.

Laka ce ke cin amana. Da rani sai ka ga ta yi tauri har ka yaba mata, da damina ta sha ruwa ta kumbura ta ɗaga gini, rani ya dawo ta tsuke ta sake shi. Tsagewar da kake gani tana tashi a karkace daga kusurwar taga, yawanci daga nan take. Mafi tsanani ita ce baƙar lakar nan da ake kira firki a wajen Dikwa da Marte da Ngala. A irinta ana zurfafawa mita ɗaya da rabi ko fiye, a sa rodi a gindin, a kwashe lakar cikin ɗakuna a yi ciko da jar ƙasa, inci 6 inci 6, ana yayyafa ruwa ana dakawa. Bene kuwa kada ka taɓa shi sai injiniya ya gwada ƙasar. Sannan a yi daɓen siminti mai faɗin mita ɗaya kewaye da gidan, yana gangarawa waje, don ruwan indararo kada ya kwanta a gindin bango.

Sokawe aikinta ta tsotse ruwa, ƙasar da ba ta sha kuwa ba za ta karɓa ba komai girman ramin. Gwajin ba wuya. A zurfin da kake son ramin, haƙa ɗan rami ƙafa ɗaya faɗi, ƙafa ɗaya zurfi, ka cika shi da ruwa ya kwana. Da safe ka sake cikawa ka riƙe agogo. In inci ɗaya ya sauka cikin rabin awa, wurin ya yi. In ya haura awa ɗaya bai sauka ba, canza wuri, ko ka yi dogon rami marar zurfi cike da tsakuwa da bututu mai huji. Tankin farko, wato wanda ƙazanta ke fara shiga kafin ruwanta ya wuce ramin tsotsa, a yi masa filasta ciki sosai, ɗaki biyu, na farkon ya ci kashi biyu cikin uku na tsawon. Ramin tsotsa kuma a jera bulo da tazara, ba filasta. Wasu na shafe shi tas don ya yi kyau, ba a jima ba ya cika.

Ka tambayi maƙwabta inda ruwan rijiyarsu ke kaiwa a watan Agusta, domin ramin da ka gani busasshe a Maris ba shaida ba ne. Ƙasan sokawe ya kamata ya fi wannan ruwan tudu da aƙalla mita ɗaya da rabi, kuma ya nisanci rijiya da mita 30, ta ɓangaren gangare. A fadama irin ta Haɗeja da Nguru sau da yawa dole a ɗaga tankin sama.

In mai gida na son lambu, ka gaya masa gaskiya: a laka, darbejiya da mangwaro su nisanci bango gwargwadon tsawon da za su kai, don saiwarsu na shanye danshi ƙasa ta tsuke. Kada a yi fulawa jikin katanga ana ba ta ruwa kullum. Laka a ɗaga mata kunya a haɗa da taki, jigawa a yawaita mata taki don ta riƙe ruwa. Latas da duk abin da ake ci ɗanye, a kai su nesa da sokawe.