Laifi, alhaki da ganganci: gardama a kan Yarima Arthas

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da abokina muna ta gardama a kan wasan kwamfuta na Warcraft III. A ciki wani yarima ya karkashe mutanen gari guda don kada annoba ta yaɗu. Abokina ya ce ba shi da laifi, wai dole ce ta sa shi, kuma in ɓera da sata daddawa ma da wari. Ni na ce alhakinsu yana wuyansa. Laifi da alhaki ɗaya ne? Karin maganar nan ta zauna a wurin?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Bari in fara gutsura wa sauran masu karatu labarin. Kamfanin Blizzard na Amurka ne ya fitar da wasan a 2002. Arthas ɗan Sarki Terenas ne na ƙasar Lordaeron. Wani matsafi, Kel'Thuzad, ya gurɓata hatsi da wata annoba mai kashe mutum ta tashe shi gawa mai yawo, bawan maƙiya. Kafin Arthas ya isa birnin Stratholme an riga an raba hatsin, jama'a sun ci. Sai ya ba da umarni a hallaka su tun ba su rikiɗe ba. Malaminsa Uther ya ƙi, Arthas ya kira shi maci amanar sarauta ya tuɓe shi daga jagorancin runduna. Jaina, wadda suke ƙaunar juna, ita ma ta juya ta tafi. Ya shiga garin da waɗanda suka bi shi.

Laifi da alhaki ba ɗaya ba ne, kuma aikatau ɗin da kowanne ke tafiya da shi ya isa ya nuna maka. Laifi yin sa ake yi, ana ganin sa, ana ɗora wa mutum shi, ana kuma cewa "ba laifi" a wuce. Hukunci ne na masu kallo, yana iya sauyawa in an ji uzuri. Alhaki kuwa ɗaukar sa ake yi, kuma shi yake kama mutum. Asalinsa Larabci ne, tushensa ɗaya da haƙƙi, don haka kullum yana da mai shi: alhakin maraya, alhakin maƙwabci. Jama'ar gari duka za su iya wanke ka daga laifi, amma alhaki sai wanda aka zalunta ne zai sauke maka. Shi ya sa Bahaushe ya ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, wato a nan wanda ya ɗauke shi. ('Yan jarida sun faɗaɗa kalmar, suna cewa wane ya ɗauki alhakin kai hari, wato ya amsa shi ya yi. Wannan ya karɓu, amma ba shi kuke gardama a kai ba.)

Saboda haka kai da abokinka ba abu ɗaya kuke aunawa ba. Shi yana neman uzuri ne, kuma a Stratholme yana da abin faɗa. Mutanen sun riga sun kamu, magani bai samu ba, ga kuma wani shaiɗani mai suna Mal'Ganis yana cikin garin yana kwashe su zuwa rundunarsa. Uther da ya ƙi bai kawo wata dabara ba. Dole ƙanwar na ƙi ce, gaskiya ne. Kai kuma kana ƙirga rayukan da aka ɗauka ba a tambaye su ba, ba a ma tsaya an tantance wa ya ci hatsin wa bai ci ba. Uzuri yana rage laifi, ba ya taɓa wannan lissafi.

Karin maganar ɓera kam ba ta zauna ba, kuma ina so abokinka ya sake sauraren ta. Da farko ba ta wanke ɓera, da satarsa ta fara. Sannan wace ce daddawa? Ita ce abin da aka sata, wadda warinta ya jawo ɓarawo. Ana kawo maganar ne in wanda aka cuta shi ma ya ba da ƙofa. In ka ɗora ta a kan Stratholme ka ce mutanen garin su suka jawo wa kansu ke nan, alhali abinci kawai suka ci. Kel'Thuzad da Mal'Ganis ba daddawa ba ne, su suka haƙa ramin.

Tambaya: Malam, ni a ganina takobin Frostmourne ne ya sace masa rai har ya kashe mahaifinsa. Ba an ce ba a mugun sarki sai mugun bafade ba?

Amsa: An ce, 'yata, amma maganar fada ce, ta ladabi, ana yin ta don a soki mulki ba tare da an ambaci mai rawani ba. Tana aiki inda aka ɓoye wa sarki gaskiya. Arthas ba a ɓoye masa komai ba. Frostmourne takobi ne da ya samo bayan Stratholme. A jikin mazaunin takobin an rubuta gargaɗi, abokinsa Muradin ya karanta ya ce la'ana ce a tare da shi, su bar wurin, shi kuma ya ce zai biya kowane irin farashi. Hausa ta raba waɗannan abubuwa sarai. Tsautsayi shi ne abin da ya faɗo maka ba hannunka. Kuskure ka nufi daidai ka sauka a karkace. Sakaci ka san abin da ya kamata ka yi, ka bari. Ganganci kuwa ka ga ramin, an nuna maka, ka taka. Ɗaukar takobin nan ganganci ne, kuma mai ganganci ba ya fakewa da abin da ya biyo baya.

Ni ma ba a takobin nake tsayawa ba, ba kuma a Stratholme ba. Akwai wani abu tsakaninsu da masu kare shi ke tsallakewa. Da ya bi Mal'Ganis zuwa ƙasar ƙanƙara ta Northrend, saƙo ya zo daga sarki cewa runduna ta koma gida. Arthas ya ɗauki sojojin haya suka ƙone jiragen ruwan don kada kowa ya koma. Da mutanensa suka iso suka tarar da toka, sai ya nuna sojojin hayan ya ce su suka yi, ya sa aka kashe su. A lokacin bai taɓa takobin ba, ransa na jikinsa, hankalinsa garau. Ba garin da yake ceto, ba annobar da yake tarewa, fansa kawai yake nema. Ya bijire wa mahaifinsa, ya yaudari mutanensa, ya ci amanar waɗanda suka yi masa aiki. A nan laifi da alhaki suka haɗu a wuya ɗaya, kuma ban san wata karin magana ta Hausa da za ta ba shi mafaka ba.