Na samu abin da na roƙa, amma ba na jin daɗinsa

Tambaya: Anti, barka da aiki. Shekaruna 34, ina da aure da 'ya'ya biyu, kuma na samu aikin da na daɗe ina roƙon Allah. Ranar da aka ba ni takardar kama aiki har kuka na yi. Yanzu kuwa sai in tashi, in yi abin da ke gabana, in kwanta, ba na jin komai. Ba wanda ya ɓata mini rai. Na gaya wa yayata, ta ce butulci ne. Anya kuwa?
— Wata mai karatu

Amsa: 'Yata, yayarki ta yi saurin yanke hukunci. Butulu ba ya zama ya rubuto wasiƙa don tsoron kada ya zama butulu. Abin da ke damunki sabo ne. Wadda ta shafa turare, bayan ɗan lokaci ta daina jin ƙamshinsa, alhali duk wanda ta gifta yana ji. Haka zuciya take yi da ni'ima.

Ba ke kaɗai ba ce. A 1978 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Philip Brickman, shi da abokan aikinsa sun tattauna da mutum 22 da suka ci maƙudan kuɗi a caca. Sai suka tarar ba su fi sauran mutane farin ciki da wani abin a zo a gani ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ƙananan abubuwa irin su hira da aboki ko jin abin dariya sun rage yi musu daɗi. Mutum 22 ba yawa ba ne, na sani, amma duk wanda ya taɓa ɗokin sabuwar waya ya san gaskiyar maganar.

To, me ke daɗewa bai gundura ba? Jami'ar Harvard ta fara wani bincike a 1938, ta bi rayuwar maza 724 tun suna samari har tsufa, wasu ɗalibanta ne, wasu 'ya'yan talakawan birnin Boston. Shugaban binciken, Dakta Robert Waldinger, ya bayyana cewa waɗanda suka fi gamsuwa da zamansu da mutanensu a shekara 50 su ne suka fi ƙoshin lafiya a shekara 80.

Ki duba wasiƙarki. Kin lissafa miji da 'ya'ya da aiki, amma ban ga ƙawa ko ɗaya ba. Ina zargin kina cikin waɗanda ke ganin hoton aminiyarsu, su danna alamar zuciya, su wuce, su ɗauka an gaisa. Ba a gaisa ba. Ki kira ta, ki ji muryarta, ki bar ta ta yi ta surutu har ku faɗa tsohon labarin da ke sa ku dariya da hawaye. Maigidan ma haka: idan yara sun yi barci, ku kife wayoyin nan, ki tambaye shi abin da ba kuɗin makaranta ba ne. Daren farko za ku rasa abin faɗa, kada ki fasa.

Ki ɗan riƙa taka ƙafa kuma. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako.

Amma ki saurare ni da kyau a nan. Idan rashin jin daɗin nan ya kai mako biyu yana tare da ke kusan kullum, barcinki ya lalace, cin abincinki ya canja, ko kina jin ba ki da amfani, wannan ya wuce sabo. Yana iya zama ciwon damuwa, kuma yana da magani. Ki je ki ga likita, ki faɗa masa komai yadda kika faɗa mini.