Kawu, ga amsar tambayarku kan shiga tsagar dutse a jihar Yuta ta Amurka

Kawu barka da warhaka, ina fata kuna lafiya da su Inna da yara. Na saurari saƙon muryar da kuka turo, wai zinare muke haƙa ko aikin gwamnati ne, in kuma ba ko ɗaya ba to me zai sa mutum da hankalinsa da iyalinsa ya ɗaura igiya a ƙugu ya zura kansa cikin rami. Wallahi ba zinare, ba kuma wanda yake biyanmu ko sisi, mu ne ma muke biyan kuɗin takardar izini. Al'ada ce ta mutanen nan da muka tarar, wasu daga cikinmu 'yan gida da muka daɗe a Salt Lake, babban birnin jihar, muka shiga ciki, kuma bari in ɗan baku asalinta dan in baku san yadda ta faro ba dole ku ɗauke ta hauka.

Kudancin jihar Yuta da arewacin Arizona hamada ce amma ba ta yashi ba, ta dutse ce. Masana ƙasa sun ce wajen shekara miliyan 180 da suka wuce tudun rairayi ne ya rufe yankin, daga baya ya daskare ya zama jan dutse, a Zayon, wani gandun daji na gwamnati a kudancin Yuta, kaurinsa ya kai mita 600. Dutsen yana da laushi, ruwan sama kuma ba ya shiga cikinsa sosai, sai ya taru ya bi duk tsagar da ya samu yana cinta yana cinta har ta zama kwazazzabo mai zurfin gaske amma matsattse, wani wurin in kun miƙa hannu biyu zaku taɓa bango da bango, wani wurin ma sai mutum ya cire jaka ya juya gefe ya saki numfashi kafin ya wuce. Akwai wani kwazazzabo mai suna Buckskin, tsawonsa ya haura kilomita 20 kuma kusan duk a matse yake.

Mu ba mu muka fara ba, turawa ma ba su suka fara ba. Mutanen asali na yankin sun riga kowa, har yau ana ganin ƴan ramukan taka ƙafa da suka sassaƙa a jikin dutse suna sauka ɗibar ruwa. Daga baya wani John Wesley Powell, tsohon soja mai hannu ɗaya, ya bi kogin Kolorado a kwalekwale a 1869, a 1872 kuma wani masanin duwatsu Grove Karl Gilbert ya ratsa matsatsin kogin Virgin na Zayon. Amma duk waɗannan inda ƙafa ko doki ko jirgin ruwa zai iya bi suka bi. Inda ƙasa ta yanke ta zama gangare na mita 20 ko 30 zuwa cikin duhu, nan kowa yake juyawa.

To abin da ake kira sauka da igiya ɗin nan na gaske, a shekarun 1970 ya kankama, kuma mutanen ba su da yawa ko kaɗan. Masu hawan dutse ne na Salt Lake, sunan da aka fi ambata shi ne Dennis Turville, mai ɗaukar hoto, da abokinsa Mike Bogart da wasu ƴan tsiraru maza da mata. Su ne suka sauka kwazazzabon Imlay a ƙarshen shekarun 1970, Heaps kuma aka gama ratsa shi a farkon shekarun 1980, waɗannan biyun har gobe su ne manyan Zayon da ba a shiga da wasa. Ku duba fa halin da suke ciki lokacin, ba waya, ba na'urar nuna hanya, ba wanda ya taɓa shiga balle ya faɗa musu me ke gaba. Taswirar gwamnati ce kawai ta takarda, ita kuma layukanta tsakaninsu mita 12 ne ko fiye, tsaga mai faɗin mita ɗaya ba ta ma fitowa a kai. Sai su bi bakin kwazazzabon ta sama suna leƙawa, su ƙiyasta zurfi da ido, su ɗauki igiyar da suke ganin za ta isa. Igiyar ma ta masu hawa ce, tana miƙewa tana shan ruwa, in ta jiƙe sai ta ƙara nauyi yashi kuma ya ci ta.

Ga inda abin ya bambanta da hawan dutse, kuma nan ne nake so ku fahimta Kawu. Mai hawa in ya ga ba zai iya ba sai ya sauko ya tafi gida. Mai sauka tsaga kuwa yana ninka igiyarsa ne a jikin wani abu a sama, in kowa ya sauka sai a jawo ta ƙasa dan za a buƙace ta a gangare na gaba, to daga lokacin da igiyar nan ta faɗo hannunka babu komawa, bangon da ka sauko santsi ne ba mai hawansa, hanya ɗaya ta rage ita ce gaba, kuma su na farkon basu san ko gaban tana ɓullewa ba. Shi ya sa wani lokacin suke barin igiya a rataye a gangaren farko har sai sun tabbatar. A Heaps sauka ta ƙarshe ta haura mita 80, mutum yana lilo a iska ƙafarsa ba ta taɓa bango, ya dira gefen wani tafki inda ƴan yawon buɗe ido ke zaune suna cin biskit suna kallonsa.

Abin da ya fi basu wuya ma ba tsayi bane, kwarmi ne. Ruwan ambaliya yana juya duwatsu a wuri ɗaya shekara da shekaru har ya ƙwaƙule rami zagayayye a tsakiyar hanya, kamar mutum ya faɗa cikin ƙatuwar randa mai gansakuka, baki a sama ciki a faɗaɗe. In ya cika da ruwa ba matsala, iyo zaka yi ka fita ta ɗaya gefen. In ya bushe ƙaraf ma da sauƙi, wani ya hau kafaɗar wani. Bala'in shi ne in ruwan ya tsaya rabi, ƙafarka ba ta taɓa ƙasa, hannunka bai kai baki ba, ruwan kuma rana ba ta taɓa ganinsa ba, sanyi ƙarara ko da a watan Yuli ne da ake ƙuna a waje. Mutum sai ya mutu da sanyi a tsakiyar hamada, ku ji fa. Na farkon da ƙaramin abin huda dutse na hannu suke fita, su huda ɗan rami su maƙala ƙugiya su taka tsanin igiya su sake huda wani, duk suna cikin ruwa jiki na rawa. Daga baya aka gano dabarar cika jaka da yashi a ɗaura mata igiya a wulla ta hayin kwarmin, nauyinta ya riƙe mutum mafi rashin nauyi ya hau ya jawo saura. Rigar roba irin ta masu nutso a teku kuma ta zama dole.

Wani hali nasu da har yau ake gardama a kai, ɓoye wuri. Su Turville in sun ratsa tsaga basa faɗa wa kowa inda take, sunayen da suke sa musu ma na tsakaninsu ne, hujjarsu in jama'a suka sani za a ɓata wurin kuma marasa ƙwarewa za su halaka. Sai ga masu rubuta littattafan hanya sun fito, Michael Kelsey tun 1986, Steve Allen daga 1992, sai intanet ta zo ta ƙarasa fasa ƙwan. Kelsey ɗin nan da mita da kilomita yake rubutu, Amurkawa na ta gunaguni su da suka saba da mil, mu kam ya yi mana daidai. Ni a ganina masu ɓoyewa sun yi gaskiya wajen ɓata wuri, dan yanzu wasu tsagogin bin layi ake yi, amma wajen rai ban yarda da su ba, mutane za su shiga ko an faɗa ko ba a faɗa ba, gara su shiga da sanin tsawon igiyar da ake buƙata.

Kun jawo ayar Baƙara ta 195, kar ku jefa kanku da hannunku cikin halaka, kuma ban raina wannan ba, mu ma nan mun sha tattauna ta bayan sallar Juma'a. Ba zan ce muku ba a mutuwa ba, ana mutuwa. A watan Yulin 1993 manya biyu da suka jagoranci matasan wani coci sun nutse a tsagar Kolob, ruwan da dam ɗin sama ke saki ya fi ƙarfinsu, sauran suka yi kwana biyar a ciki kafin a ciro su. Ran 12 ga Agustan 1997 a tsagar Antelope, ƙasar ƙabilar Nabaho, mutum 11 suka rasu a ambaliya, yawancinsu ƴan Faransa, kuma a inda suke ruwan kirki bai ma sauka ba, can nesa hadarin ya zuba ruwan ya taho ta tsagar da laka da itatuwa. Ran 14 ga Satumban 2015 mutum 7 suka rasu a tsagar Keyhole, wadda gajeruwa ce da ake kai sababbin shiga. Sai Aron Ralston da duniya ta sani, a Afrilun 2003 dutse mai wajen kilo 360 ya danne masa hannu a tsagar Bluejohn, bayan kwana biyar ya yanke hannun da kansa, shi kaɗai ya tafi kuma bai faɗa wa kowa inda za shi ba.

Amma kusan kowace doka da muke bi yanzu daga irin waɗannan ta fito. Kolob ba a ba da izini sai an tabbatar da yawan ruwan da dam ke saki. Antelope ba a shiga sai da ɗan jagora na Nabaho, an kafa tsanin ƙarfe da ƙahon gargaɗi. A 1999 Rich Carlson ya kafa ƙungiyar masu wannan harka ta Amurka, aka fito da ma'auni, lamba 1 zuwa 4 na wuyar aikin igiya, harafi A zuwa C na yawan ruwa, da wata lambar ta tsawon lokaci, kafin ka bar gida ka san ko tsagar ajinka ce. Daga Yuli zuwa tsakiyar Satumba damina ce a nan, hadari yakan haɗu da yamma, to in hasashen yanayi ya nuna alamar ruwa ko a can saman kwarin ne ba inda muke ba, an fasa kenan, ko da mun tuƙo kusan kilomita 500 daga Salt Lake mun biya masauki. Ba a tafiya mutum ɗaya, kuma dole a bar wa wani a gida sunan tsaga da lokacin da in bai ji mu ba zai kira masu ceto.

Akwai kuma rigimar ƙusa, wannan sai kun ga yadda dattawa da furfura ke zagin juna a kanta. Na farkon suna kafa ƙusar ƙarfe a dutse su rataya igiya, da jama'a suka yi yawa sai kowane gangare ya cika da ƙusoshi, wasu sun yi tsatsa, dutsen ma da laushi ba ya riƙe su da kyau. Sai wani ɓangare suka ce a daina, a nemi itace ko dutsen da ya maƙale, ko a binne dutse cikin yashi a ɗaura, ko mutum mai nauyi ya zauna ya tokare ƙafa a ɗaura a jikinsa kowa ya sauka, shi na ƙarshe sai a san dabarar da za a yi masa. Har wata jaka aka ƙera da ake cika da yashi a sauka a kanta, a ja wata igiya daban yashin ya zube jakar ta biyo ka, ba a bar komai a baya ba. Yanzu dai kusan an raba, Zayon akwai ƙusoshi, wuraren daji irin su Escalante da North Wash kuma in ka kafa sabuwa wani zai zo ya cire ta. Ni ina tare da masu cewa a bar dutse yadda Allah ya yi shi, sai dai in da yara a tafiyar, nan kam ƙusa nake so in gani.

Mu ƴan gida da muke zuwa ba mu da yawa, yawanci haɗuwa muke da ƴan uwa na Ghana da Nijar da Sudan da turawan da suka koya mana. Sallah ba ta gagararmu, tafiyar ta kai ta ƙasaru, mukan haɗa azahar da la'asar in mun samu fili mai yashi. Ruwan kwarmi kuwa sau da yawa ya canza launi da wari, wani lokacin har da mushen ɓera a ciki, na gorarmu kuma na sha ne, sai mu yi taimama. Rigar robar tana kama jiki, shi ya sa muke ɗora wando da riga a kai, wanda ma yana kare ta daga yagewa. Da azumi ba ma zuwa sam.

Batun Abba da kuka ce kar in kuskura in kai shi, ya riga ya fara bin masu sauƙin da ba igiya, da hular kwano a kansa. Mai igiya kuwa na faɗa masa sai ranar da ya iya ɗaura ɗamararsa da kansa, ya iya tsayar da kansa a tsakiyar igiya ya saki hannu biyu, ya kuma iya hawa ta ya koma sama in ta maƙale, a bishiyar da ke bayan gidanmu yake koyo yanzu uwarsa na faɗa ta taga.