Jan filta ko gyara a kwamfuta? Amsar tambayarka kan bidiyon cikin ruwa

Yaro na ga saƙonka tun jiya, aiki ne ya sha kaina. Ka ce bidiyon da ka ɗauko a cikin ruwan Wikki na gandun dajin Yankari ya fito kore-kore, fatar mutane ta yi toka-toka kamar marasa lafiya, kuma kana tambaya ko ka sayi jan filta ɗin nan da ake maƙala wa ƙaramar kyamarar GoPro ko kuwa gyara a kwamfuta ya isa, tunda akwai maganar tafiya Bahar Maliya da wani kwastoma. Toh riƙe kuɗinka tukuna.

Laifin ba na kyamara ba ne, ruwa ne ke shanye kala, kuma ja yake fara cinyewa. Kafin ka kai mita 5 ja ya kusa ƙarewa, wajen mita 10 ruwan lemo ya bi shi, ruwan ɗorawa ya ɗan ƙara jurewa zuwa wajen mita 20, daga nan sai kore da shuɗi kawai. Abin da yawancin yara ba sa lissafawa shi ne ba zurfi kaɗai ake ƙirgawa ba, har da tazarar da ke tsakaninka da abin da kake ɗauka. In kana zurfin mita 2 mutumin kuma yana nesa da kai mita 4, hasken ya yi tafiyar mita 6 kenan a cikin ruwa kafin ya shigo gilashinka. Abin da ya same ka a Wikki kenan, don ruwan wurin bai wuce mita 2 ba kuma garau yake, kai ne ka tsaya nesa. Ita kuma fatarmu da ja take rayuwa a hoto, da an zare mata shi sai ta mutu. Zuwa da kai ya fi aike, matsa kusa, mita ɗaya ko ƙasa da haka, rana a bayanka, tsakanin goma na safe zuwa biyu na rana lokacin da haske ke dukan ruwa kai tsaye.

Shi filta ba ya ƙara ja ko ɗigo, rage shuɗi yake yi don ɗan jan da ya saura ya samu wurin numfashi, shi ya sa yake cin haske, hoto ya ɗan yi duhu kyamara ta ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haskenta, sai ka ga yashi-yashi. Amfaninsa daga wajen mita 4 ko 5 ne zuwa kamar 20, a shuɗin ruwa irin na teku. A ruwa marar zurfi ɓarna yake. Ni na taɓa yin wannan wautar a wurin wankan wani otal, na maƙala jan filta ina jin kaina gwani, yaran mai biki suka fito jajir kamar an tsoma su a manja, kwana biyu ina fama da editin kuma bai dawo daidai ba. In ruwan kore ne irin na dam ko tafki, majenta ake sawa, mai kalar nan tsakanin ja da shuɗi. In kuma ruwan ya dame kamar koko irin na Matan Fada ranar kamun kifin Argungu, wallahi babu filta babu manhajar da za ta cece ka, ɗauki daga sama kawai.

Abin da nake so ka fara mallaka shi ne, ɗan farin allo na roba, ko mai ruwan toka, ka ɗaura masa igiya a hannu. In babbar kyamara ce a cikin gidanta na ruwa, ka nuna mata allon a daidai zurfin da kake, a tazarar da za ka yi aiki, ka saita wayit balans da hannu, wato ka nuna mata abin da za ta ɗauka a matsayin fari, duk lokacin da ka sauka ko ka hau kamar mita 3 ka sake. GoPro ba ta karɓar saiti daga allo, sai dai ka shiga Protune, wurin saitinta na hannu, ka sa wayit balans a Native, kala a Flat, sannan a farkon kowane ɗauka ka nuna allon na daƙiƙa biyu uku. Kar ka bar ta a oto, don tana cikin ɗauka za ta yi ta canza ra'ayi, nan shuɗi can kore a kilif ɗaya, gyaran wannan ya fi komai cin rai. In ka manta allo farin yashin ƙasan ruwa ma yana ɗan taimakawa.

Sai editin. Manhajar CapCut za ta yi maka na gaggawa, ka ja tint, wato majanyin kore da majenta, wajen majenta ka ɗan ɗumama hoton, ya isa a tura a waya. Amma aikin da za a biya ka kuɗi manhajar DaVinci Resolve za ka buɗe, akwai na kyauta. Ka ɗora abin tsinkar fari na manhajar, wanda ke saita wayit balans, a kan allon nan, rabin aiki ya ƙare. In jan ya yi rauni sosai kar ka yi ta tura shi da ƙarfi, yashi kawai za ka ƙara, shiga RGB Mixer, wurin gauraya ja da kore da shuɗi, ka ara wa ja kaɗan daga kore don shi kore yana da tsabta. Ka bar ruwa ya zama ruwa fa, na ga masu gyarawa har sai teku ya koma kamar an ɗauka a tsakar gida, wannan ba gwaninta ba ce. Kuma in kyamararka na da 10-bit ka kunna, daga HERO11 zuwa sama akwai shi, matakin kala 1024 ne a maimakon 256, shi ke hana shuɗin ruwa yin layi-layi in ka matsa masa.

Fitila ita ce kaɗai ke dawo da ja na gaskiya, amma ba ta wuce mita ɗaya zuwa biyu, kuma ba a haɗa ta da jan filta, ɗaya za ka zaɓa. Ka ware ta gefe a kan hannu, in ka manna ta kusa da gilashi duk dattin ruwan zai haska kamar ka kunna doguwar fitilar mota cikin hazo.

Don tafiyar Bahar Maliya, tambayi kwastoman naka nutso za su yi da tukunyar iska ko iyo kawai a sama. In iyo ne ba ka bukatar filta. In nutso ne ka sayi ja ɗaya, da gidan kariya, don ita GoPro tsirara mita 10 ce iyakarta. Ba a fafe gora ranar tafiya, ranar Asabar ka zo da kyamarar da allon da kuma ainihin fayil ɗin Wikki, ba wanda WhatsApp ya matse ba, mu zauna mu ga abin da za a iya cetowa.