Diamondback na iya dawowa, amma da wuya ta zo da aikin hannu irin na dā

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya ko kamfanin Colt zai iya dawo da libarbar nan Diamondback da ya daina ƙerawa tun shekarun baya, ko ka haƙura ka nemi tsohuwa. Na daɗe a nan Amurka ina zuwa filin harbi, tsofaffi da sababbin Colt sun bi ta hannuna, don haka ga abin da na gani.

A ganina tana iya dawowa, domin yayarta, libarbar Colt mai suna Python, ta dawo. Python ta fito a 1955, aka cire ta daga ƙirar yau da kullum a 1999, sai 'yan kaɗan da ake yi bisa oda har 2005. Mun sha jin cewa ta tafi ke nan. Sai ga ta a Janairun 2020 a kan dala 1,499. Cikin libarbobin Colt, kafin ita an dawo da Cobra a 2017 da King Cobra a 2019, Anaconda ta biyo baya a 2021. Kamfanin Smith & Wesson ma sun maido da libarbarsu Model 19 a 2018.

Abin da ya kashe su tun farko shi ne tsadar aikin hannu. Tsohuwar Python, maƙeri ne ke zama da kowace ɗaya, yana goge ƙarafunan ciki yana gwadawa har kunama da gangar harsashi su daidaita. Shuɗin nan mai ƙyalli da ake kira Royal Blue kuwa, sirrinsa gogewar da ƙwararru ke yi wa ƙarfen kafin a rina shi. Daga shekarun 1980 'yan sandan Amurka suka koma fistol masu cin harsashi da yawa, ciniki ya ja baya, masu wannan hannu suka tsufa suka ajiye aiki. Wa zai biya kuɗin koya wa sababbi?

Shi ya sa Python ta 2020 injin da kwamfuta ke sarrafawa ne ya sassaƙa ta, da ƙarfen da ba ya tsatsa. An rage kayan cikinta, an ƙara kaurin ƙarfe a saman firam, wato ainihin jikin bindigar. Na farko-farko sun zo da matsala, wasu gangar kan ƙi juyawa saboda sukurorin gefe sun saki, kamfanin ya gyara. Wallahi ta fi tsohuwar juriya, kuma ba ta saurin bauɗewa. Amma duk wanda ya taɓa jan kunamar tsohuwa, yatsansa zai gaya masa ba ɗaya ba ne.

To, Diamondback, wadda ta fito a 1966 tana cin harsashi samfurin .38 Special ko .22, an gina ta ne a kan ƙaramin firam irin na Cobra. Tunda sabuwar Cobra na kasuwa, babban aikin ya riga ya gama, sauran bututu mai tagogi a sama da suna. Abin da zai iya kawo cikas shi ne akwai King Cobra Target a .22, wadda ta tsaya kusan a gurbinta, kuma kamfanin CZ na ƙasar Cek da ya sayi Colt a 2021 sai ya ga riba kafin ya yi wa kayansa kishiya.

Idan harbi kake so, sayi sabuwar King Cobra, kada ka zauna jira. Idan kuwa aikin hannun ne ya ja ka, nemi tsohuwar, domin dawowar Python ba ta mai da tsofaffinta araha ba. Ka sa maƙerin da ya san Colt ya duba ko gangar na kullewa daidai kafin ka biya, don masu gyaran irinta sun yi ƙaranci, kayan gyaran ma haka.