Zaɓen kansila: idan muka ƙaurace, wa muka hukunta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Ni tela ne, kuma zaɓen ƙananan hukumomi ya matso a jiharmu. A majalisar da muke zama an yanke shawarar babu mai fita, wai an riga an rubuta sakamako, gara mu bar musu rumfunan zaɓe fayau su ji kunya. Sannan akwai wani ɗan unguwa da yake bi gida-gida yana karɓar katin zaɓe, wai za a sa mutane a jerin masu tallafi. Mahaifiyata da maiɗakina duk sun ba da nasu. Hankalina ya ƙi kwanciya, domin kwalbatin layinmu ta daɗe a toshe, daminar bara ruwa ya ci katangar gidaje biyu, kansilan da muke da shi ko leƙowa bai yi ba. Ƙauracewar nan za ta yi amfani? Katunan kuma fa?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Bari na fara da katunan, don su ne ba sa jira. Ka ajiye almakashi yau ɗin nan, ka je ka karɓo katin Hajiya da na maiɗakinka. Kada ka yi faɗa, ka ce masu abu suna son abinsu. Idan ya fara yi maka gobe-jibi, ka tafi da dattijo ɗaya ko ka kai maganar gaban mai unguwa. Sashe na 22 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya haramta riƙe katin wani ba bisa ƙa'ida ba, da sayensa da sayar da shi, hukuncin da dokar ta tanada a lokacin kuma tarar da za ta iya kai naira 500,000 ne, ko ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko duka biyun. Babu tallafin gaskiya da ke buƙatar katin zaɓenka ya kwana a aljihun wani.

Haɗarin ya fi yawa a irin wannan zaɓe. A zaɓen gwamna da na shugaban ƙasa, hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, tana tantance mutum da na'urar BVAS, ta duba yatsa ko fuska. Zaɓen ƙananan hukumomi kuwa hukumar zaɓe ta jiha ce ke gudanar da shi, da rajistar da INEC ta tattara, kuma galibin hukumomin jihohi ba sa aiki da wannan na'ura. Ka nuna kati, a duba suna a takarda, a shafa maka tawada. To wanda yake da katuna hamsin a leda, ka ga abin da ya tara.

Yanzu ga maganar majalisarku. Wallahi babu ranar da ba na jin wannan magana, a tasha, a gidan suna, har a bakin malaman makaranta da ya kamata su fi kowa sani, kuma tana ci mini rai. Mutanenmu sun ɗauka akwai wani adadi da idan masu zaɓe ba su kai ba, zaɓe ya rushe. Babu shi. Ka duba tsarin mulkin 1999, ka duba dokar zaɓe, ba za ka ga inda aka ce sai kaso kaza na masu rajista sun fito kafin zaɓe ya inganta ba. Ƙuri'un da aka kaɗa su ake ƙirgawa. Idan mazaɓarku tana da mutum dubu goma a rajista, mutum arba'in suka fito, wanda ya samu ashirin da ɗaya ya zama kansila, za a rantsar da shi, zai karɓi albashi da alawus, zai zauna a majalisar da ke amincewa da kasafin kuɗin ƙaramar hukumarku har wa'adinsa ya cika. Wace kunya ce za ta kama shi?

Wannan ma idan an tsaya a kan arba'in ɗin ke nan. Na taɓa aikin sa ido a wata ƙaramar hukuma da ba zan kama suna ba. Rumfar tana cikin wata firamare, tebur ɗaya a gindin darbejiya, malaman zaɓe biyu da ɗan sanda guda. Kayan aiki ba su iso ba sai bayan azahar. Na zauna a kan benci ina lissafi da biro a bayan hannuna, waɗanda suka dangwala ba su kai ashirin ba, yawancinsu tsofaffi, har da wata gyatuma da jikarta ta riƙo. Babu wakilin jam'iyyar hamayya ko ɗaya. Kafin la'asar aka naɗe komai aka sa a mota, ba a ƙirga a gabanmu ba, ba a liƙa komai a bango ba. Da aka bayyana sakamako, sai ga rumfar nan da ɗaruruwan ƙuri'u. Na riƙe takardar ina kallo, ina tuna matasan da na wuce suna buga ƙwallo a filin makarantar, waɗanda suka ce mini su sun ƙaurace. A takarda dukkansu sun yi zaɓe.

Abin da nake so majalisarku ta gane ke nan. Sunanka yana cikin rajista ko ka fito ko ba ka fito ba, takardar ƙuri'ar da aka buga dominka tana cikin kundi. Rumfar da babu kowa ita mai maguɗi yake addu'ar samu, domin ba ya buƙatar 'yan daba, ba ya buƙatar raba taliya ko atamfa, ba ya tsoron wayar kowa. Kun sauƙaƙa masa aiki, kun rage masa kashe kuɗi. Masu yaɗa zancen "an riga an gama" kuwa, ka lura da su da kyau. Wasu gajiya ce ta sa su, waɗannan ina yi musu uzuri. Wasu kuma aikinsu ke nan, kuma ba zan yi mamaki ba idan mai karɓar katunan unguwarku yana cikin waɗanda suka fi ɗaga murya a kan kada a fita.

Ba zan ce maka zargin 'yan majalisarku ba shi da tushe ba. Gwamna ne ke naɗa shugabanni da mambobin hukumar zaɓe ta jiha, kuma sakamakon ya nuna. A Oktoban 2024, NNPP ta lashe dukkan ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484 a Kano. A wannan Oktoban na 2024 dai, APC ta kwashe ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255 a Kaduna. Jam'iyya daban, hali ɗaya, kuma haka abin ya kasance a jihohin da PDP ke mulki a lokacin. Ga kuɗin takara da ake tsawwalawa don a kori talaka, kamar yadda hukumar Kano ta fara yanka naira miliyan 10 ga mai neman ciyaman da miliyan 5 ga mai neman kansila. Ga ranar zaɓe da ake sanarwa a ɗage a sake sanarwa, ga kayan aiki da ba sa isowa da wuri. Ni kaina ina cikin masu ganin tsarin nan yana buƙatar gyara daga tushe.

Amma ka dubi Abuja, inda INEC ce ke gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi shida. A Fabrairun 2022, APC tana mulkin ƙasa, amma PDP ta ci AMAC (ƙaramar hukumar birnin Abuja) da Bwari da Kuje, APC ta ci Gwagwalada da Kwali da Abaji. Ka dubi Kadunar kanta a 2018 da 2021, lokacin da aka gwada na'urar kaɗa ƙuri'a, 'yan hamayya sun ci wasu kujerun. Inda aka ƙirga ƙuri'a a gaban ido, sakamako yana canzawa. Kuma ko a jihar da aka fi murɗiya, kujerar kansila ita ce mafi wuyar sacewa idan jama'a sun tsaya, don mazaɓa ƙarama ce, rumfunanta 'yan kaɗan ne, kowa ya san kowa. Idan mutum ɗari uku suka yi layi, suka jira aka ƙirga, wakili ya sa hannu ya karɓi kwafin takardar sakamako, aka ɗauki hotonta da waya, mai son canza alƙalumma sai ya yi gumi.

A matsayina na lauya, wannan takardar ita ce komai. Mutane suna zuwa ofishina bayan zaɓe ransu a ɓace, suna cewa an yi mana fashi, a kai ƙara. Sai na tambaya: ina takardar sakamakon rumfa? Ina wakilinku? Wa ya ga abin da ya faru? Sai a yi shiru. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ba ta karɓar "kowa ya sani". Sashe na 150 na dokar 2022 ya ce dole hukumomin jihohi su bi irin matakan da ake bi a zaɓen ƙananan hukumomin Abuja, in ba haka ba zaɓen bai inganta ba. Makami ne mai kyau, amma sai da shaida, kuma wanda ya kwana a gida ba ya zama shaida. Duk abin da za a yi daga baya ihu ne bayan hari.

Kada kuma ku raina kujerar. Jadawali na huɗu na tsarin mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma magudanan ruwa da titunan unguwa, kwashe shara, kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, da hannu a firamare da asibitin sha-ka-tafi. Kwalbatin da ta ci muku katanga aikinta ne kai tsaye. Ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya. A ranar 11 ga Yulin 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan su kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, amma shi ya sa jihohi da dama suka yi rige-rigen shirya zaɓe a shekarar. Kuɗin da za su bi ta hannun mutanen nan kuɗin maganin 'ya'yanku ne da allon makarantarsu.

Don haka ka koma majalisarku ka faɗa musu, cikin ladabi, cewa shawarar nan ba ta yi ba. Ku nemi sanin waɗanda suka tsaya a mazaɓarku, ku gayyace su su zauna a kan tabarmarku, ku tambaye su maganar kwalbati a gaban dattawa. Wanda kuka aminta da shi, ku tambaye shi ko yana da wakili a kowace rumfa, idan babu, ku ba shi mutane daga cikinku. Ranar zaɓe a fita tun safe da kati, a riƙe ruwan sha, domin kaya za su iya makara kuma ana so ne ku gaji ku watse. Idan kayan ba su zo ba sam, ku ɗauki hoton wurin da jama'ar da ke jira, ku rubuta lokaci. Banda zagi, banda taɓa akwati, banda ɗaukar makami. Yaranmu sun sha zubar da jini a kan kujerar da mai ita ba zai zo jana'izarsu ba.

Mu da muke cewa shugabanci amana ne, mu tuna cewa shaida ma amana ce, kuma an hane mu da ɓoye ta. Gyatumar nan da jikarta ta riƙo ta zo ta ba da tata, majiya ƙarfi suna filin ƙwallo. Ina roƙon limamai da masu unguwanni su yi wannan magana a fili kafin ranar, musamman ga mata, don su aka fi bi gida-gida ana karɓe wa kati. Kai kuma, Malam, idan ka karɓo na Hajiya da na maiɗakinka, ka tambayi mutumin katunan su waye suka rage a hannunsa, ka sanar da masu su.