Za a rufe asibitinmu, an ce in muka yi magana mun shiga siyasa

Tambaya: Assalamu alaikum Kwamared. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibitin wata mazaɓa, shekarata goma sha ɗaya a bakin aiki. Kwanan baya aka yi mana tantancewa, yanzu kuma ana ta raɗe-raɗin za a haɗe asibitoci uku su koma ɗaya, a sallami wasu daga cikinmu. Akwai wata takarda mai jerin sunaye da ke yawo a WhatsApp, an ce sunana yana ciki. Reshen ƙungiyarmu yana so mu zauna da mutanen gari mu kai kuka majalisar jiha, amma shugaban sashenmu ya ce ma'aikacin gwamnati ba ya siyasa, duk wanda aka gani a taron ya kuka da kansa. Ga shi wani ɗan takarar adawa ya ce zai ba mu motoci da riguna. Marayu huɗu nake riƙo, barci ya gagare ni. In shiga ko in yi shiru?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya raya marayun nan, ya ba ki ladan riƙonsu. Ki kwantar da hankalinki tukuna, domin har yanzu ba a kore ki ba. Takardar da ke yawo a waya ba takardar sallama ba ce. Ma'aikacin da aka tabbatar wa aiki, da wasiƙa mai sunansa da lambar fayil ɗinsa da sa hannun hukumar da ta ɗauke shi ake raba shi da aikin. Sau da yawa irin wannan jerin sunaye 'yan damfara ne ke haɗa shi, jibi sai ki ji waya, wai akwai wani a sakatariya da zai cire sunanki in kin kawo dubu hamsin. Kada ki ba kowa ko kwabo. Kada kuma ki sa hannu a kan wani fom na ajiye aiki don raɗin kai, ko da an ce miki shi ne hanyar samun haƙƙoƙinki da wuri. Wanda ya sa hannu ya ce da kansa ya tafi, ya raunana hujjarsa a gaban kotu. Yau ɗin nan ki tattara takardar ɗaukarki aiki, da ta tabbatarwa, da ta ƙarin girma na ƙarshe, da lasisinki, da shaidar albashin 'yan watannin nan, ki yi kwafinsu ki ajiye a gida.

To, sai maganar shugaban sashenku, wadda ita ce ta fi ci mini rai a wasiƙarki. Kusan kullum sai na ji ta, daga bakin darakta, daga bakin hedimasta, har daga bakin wasu shugabannin rassa da ya kamata a ce sun fi kowa sani: "Mu ma'aikata ne, ba ruwanmu da siyasa." Wannan magana ta raba mutane da abincinsu fiye da yadda kowane gwamna ya yi, saboda ita ce ke sa a yi tsit har a gama yanka.

Abubuwa biyu ake cakuɗawa da gangan. Akwai yi wa jam'iyya aiki: ka hau mumbarin kamfe, ka riƙe muƙami a jam'iyya, ka raba fosta a lokacin aiki ko da motar ofis. Wannan dokokin aikin gwamnati sun taka masa birki, kuma tsarin mulki ya ce ma'aikacin da zai tsaya takara ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe. Ba mu da ja a kan haka. Sai kuma ƙungiyar ma'aikata ta tambayi gwamnati dalilin rufe asibiti, nawa aka ware wa lafiya a kasafin bana, nawa aka saki, su waye za a sallama, da wane ma'auni. Wannan shi ne ainihin aikin da aka yi wa ƙungiya rajista don ta yi. Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin taruwa da shiga ƙungiyar ƙwadago don kare muradunsa, bai ce ban da mai karɓar albashin gwamnati ba. Ko zama ɗan jam'iyya ma, a shari'ar da marigayi Balarabe Musa da wasu suka yi da hukumar zaɓe, Kotun Ƙoli ta yanke a 2003 cewa hana ma'aikacin gwamnati hakan ya saɓa wa wannan sashe. In har katin jam'iyya bai haramta ba, ta yaya zama da mai unguwa a kan asibitin unguwarsa zai zama laifi?

Ki kuma tambayi kanki, wa ya yanke shawarar haɗe asibitocin nan? Ba likita ba ne, ba ungozoma ba ce. Waɗanda aka zaɓa ne suka zauna suka ce kuɗi bai isa ba, suka zaɓi inda wuƙa za ta sauka. Sun ga jerin masu ba da shawara na musamman, sun ga kuɗin sayen motocin manya, suka tsallake, suka sauka a kan ɗakin haihuwa na ƙauye. Wannan zaɓi siyasa ne tsantsa. Su in sun yanke, sunansa gyara. Ke in kin tambaya, sunansa siyasa. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su riƙa ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin da ake rabawa jihohi duk wata ya ƙaru. Mai cewa babu kuɗi, sai ya buɗe littafi a gani, kuma neman a buɗe shi haƙƙin duk mai biyan haraji ne.

Wannan tunani na "ba ruwanmu" ma baƙo ne a tarihinmu. Malam Aminu Kano malamin makaranta ne mai cin albashi lokacin da ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Yajin aikin gama-gari na 1945, wanda ya shafe fiye da kwana 40, a kan tsadar rayuwa aka yi shi, Turawan mulki kuma suka ce siyasa ce. Mahaƙa kwal 21 da aka harbe a Inugu a 1949 haƙƙinsu suke nema. Albashi mafi ƙaranci da ya tashi daga 18,000 zuwa 30,000 a 2019, ya koma 70,000 a 2024, ba don tausayi aka ƙara shi ba. A watan Yunin 2024 sai da 'yan ƙwadago suka kashe wutar lantarkin ƙasar nan kafin zaman tattaunawa a kan albashin ya yi ma'ana. Bayan an sa hannu ma, malaman firamare na Abuja sai da suka yi fiye da wata uku a gida a 2025 suna neman ƙananan hukumominsu su biya. Shugaban sashen da ke tsoratar da ke, albashin da ya shiga asusunsa watan jiya, waɗanda ba su yi shiru ba ne suka ƙwato masa shi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne abin da shirun ke haifarwa. Da zarar an yarda cewa magana a tare haramun ce, sai kowa ya zame ya nemi ubangida. Wannan ta tafi gidan kansila, wancan ya kai wa shugaban jam'iyya na mazaɓa gaisuwa da buhun shinkafa. Wato an guji siyasar fili, an faɗa ta ƙofar baya. Mai ƙafa ya tsira, a cike gurbinsa da sunan wadda ba ta da kowa, irin mai riƙon marayu. Shi ma wanda ya tsira, ranar da ubangidansa ya faɗi zaɓe, sunansa ne farko a tantancewa ta gaba. Sashe na 20 na dokar ƙwadago ya ce kafin a rage ma'aikata sai an sanar da ƙungiyarsu dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, a bi ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe shi ke fara fita tare da duba ƙwarewa, a kuma zauna a kan kuɗin sallama. Wa zai tilasta a bi wannan in kowa yana laɓe a zauren wani?

Ba zan ɓoye miki ba, akwai haɗari. A Kaduna, cikin watan Mayun 2021, ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, ƙarƙashin Ayuba Wabba, wanda shi ma daga ƙungiyar ma'aikatan lafiya ya fito, ta shiga yajin gargaɗi na kwana biyar saboda sallamar dubban ma'aikata. Gwamnatin jiha ta ce tana neman Wabba ruwa a jallo, ta kuma sanar da korar ma'aikatan jinya da ke ƙasa da matakin albashi na 14. A rana ta uku aka dakatar da yajin, aka koma teburi a Abuja. Saboda haka kariyarki tana cikin tsari. Reshe ya kira taro, a rubuta abin da aka zartar, a aika wa uwar ƙungiya ta jiha, wasiƙu su fita da hatimin ƙungiya da sa hannun shugaba da sakatare. Ke mamba ce da ta halarci taron ƙungiyarta bayan tashi daga aiki. Kada ki rubuta zagin kowa a Facebook, kada ki fitar da fayil ɗin ofis ko bayanan marasa lafiya.

Ɗan takarar nan kuwa, ku yi masa godiya ku mayar masa da rigunansa. Ranar da kuka sa su, kun miƙa wa shugaban sashenku hujjar da ba shi da ita a yau, kuma rabin mutanen garin da ke wata jam'iyyar za su janye. Sashe na 15 na dokar ƙungiyoyin ƙwadago ma ya hana kashe kuɗin mambobi a harkar siyasar jam'iyya sai in kundin ƙungiyar ya yarda. In yana da niyyar alheri, ya faɗa a bainar jama'a cewa ba zai rufe asibitin ba, ku kuma nemi irin wannan alkawari daga kowane ɗan takara, har da na jam'iyya mai mulki. Kuɗin mota ku yi karo-karo.

Kada kuma ku fara da yajin aiki. Doka ta sa lafiya cikin ayyukan da jama'a ba sa iya rayuwa babu su, tana neman sanarwar kwana 15, ga sashe na 43 na dokar rikicin ma'aikata da ke cewa ba aiki ba albashi. Malaman jami'a sun ɗanɗana shi bayan yajin wata takwas na 2022. Kuma rufe asibiti da hannunku don hana a rufe shi zai raba ku da mutanen da kuka fi buƙata.

Ƙarfinku yana cikin rijistar da ke kan teburinki. Ku ƙirga mata nawa suka zo awon ciki a shekarar da ta wuce, haihuwa nawa aka karɓa, yara nawa aka yi wa rigakafi, adadi kawai ban da sunaye. Ku auna kilomita nawa ne zuwa asibitin da za a bari, nawa ɗan acaɓa ke karɓa da dare, wane rafi ne ke cika da damina ya raba ƙauyukan da titi. Mace mai naƙuda a bayan babur ƙarfe biyun dare, mijinta na riƙe da tocila, sun tsaya bakin ruwa suna jiran ya janye: wannan shi ne ma'anar haɗe asibitoci uku, kuma mutanen gari sun fi ku sanin haka. Ku kai wa kwamitin cigaban mazaɓa, da dagaci, da limamai, da ƙungiyoyin mata, su shige gaba ku bi bayansu da alƙaluma. A rubuta wa hukumar lafiya matakin farko ta jiha da kwamitin lafiya na majalisa. Za su ce oga ya yi tafiya, za su ce fayil ya ɓata, don haka kowace wasiƙa a buga mata hatimin karɓa a kan kwafinku kafin ku bar ofishin.

In duk da haka wasiƙar sallama ta zo, ki karɓa, ki rubuta ranar da kika karɓa a jikinta, ki kai wa sakataren ƙungiya a ranar. Kotun ma'aikata ta ƙasa ce ke da hurumin wannan shari'a, kuma ta sha mayar da waɗanda aka kora ba bisa ƙa'ida ba bakin aikinsu. Sai dai lauyoyin gwamnati kan fake da dokar da ta ce a shigar da ƙarar jami'in gwamnati cikin wata uku, saboda haka kada wani ya ce ki yi haƙuri ana duba lamarin har lokacin ya wuce. Taron reshe kuma, ki je.